Gidan da Ke Kunna Kansa

Tun yana ƙarami ake ce masa Injiniya, kuma ba don yabo ba. Ranar da ya kwance rediyon Babansa ya kasa mayarwa aka laƙaba masa sunan. Sunan ya bi shi makaranta, ya kuma biyo shi waje ranar da ya bar ta hannu rabbana, ba takardar komai. Ya taɓa walda, ya taɓa gyaran janareto, ya ɗan zauna da masu haɗa wutar gidaje. Duk inda ya je, da zarar hannunsa ya kama aikin sai ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi. Yanzu yana wani gari, a ƙuryar shagon gyaran wayoyin hannu, kan teburin da kullum yake warin dalma, kuma a ɗan ɗakin da ke saman shagon yake kwana shi kaɗai.

Baba kuwa yana can gida. Tsohon direban babbar mota ne, mutumin da ya ƙarar da rabin rayuwarsa a kan hanya, sai ga shi ciwo ya shanye masa ɓarin dama, ya zaunar da shi kan kujerar roba a tsakar gida. Inna ta rasu tun kafin ciwon. Yaya tana aure a nesa, da yara a gabanta. Bakin Baba ya dawo, ƙafar ma tana jawuwa da sanda. Hannun dama ne dai ya ƙi, yana kwance a cinyarsa kamar na aro.

Matsalar gidan injin ruwa ce. Makunninsa yana can sama a bango, bayan ƙarafunan da suka ɗauki tanki, sai mutum ya tsallake bututu ya yi miƙa kafin ya kai gare shi. Kuma tankin bai san ya isa ba. In an kunna, dole wani ya zauna har ruwa ya fara zubowa ta sama, sannan a kashe. Wannan aikin Tela ne ke yin sa, maƙwabcinsu da shagonsa ke jingine da bangon gidan. Da safe ya shigo ya kunna, da yamma ya dawo ya kunna fitilu ya ja ƙofa.

Wata safiya Injiniya ya zo duba Baba, yana ɗaki yana neman takalminsa, sai ya ji shigowar Tela.

"Direba, kana da rai kuwa?"

"Ina nan," in ji Baba. "Sai na ga bayanka."

Inji ya ɗauka. Tela ya jawo benci ya zauna da nishi.

"Wai ni haya ka ɗauke ni ne? Kullum sai na bar kekena na zo gadin tanki. Na tsufa a bauta."

"Wa ya aike ka? Mutumin da ya ɗinka min wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

"Ƙafarka ce ɗaya ta fi ɗaya. Wandona bai taɓa ƙarya ba."

Suka yi ta yi har ruwa ya zubo. Injiniya ya san bakin tsofaffin nan, tun yana rarrafe yake jin su. Amma kunya ba ta san wasa ba. Kalmar nan ta bauta ta shige shi ta zauna. Ga shi ƙato, da ransa da lafiyarsa, wani tsoho ne ke barin sana'arsa yana yi wa mahaifinsa hidima. Dawowa gida ba ta yiwuwa, don aikin yana can. Ɗaukar mai kula kuwa ya fi ƙarfin aljihunsa. Amma yana da hannu.

Da ya koma, sai ya shiga bin 'yan gwangwan. Ya samo ƙwallon roba irin na tankin ban ɗaki, wanda ke tasowa in ruwa ya cika. Ya ciro ɗan injin kulle ƙofa daga wata motar da ta yi hatsari. Ya samo idon fitilar sola da ta mutu, ɗan ƙaramin abin nan da ke gane dare ya yi. Ga na'urar jin motsi daga wata fitilar gadi da aka yar, ga batirin babur, ga cajojin da masu su suka manta a shago. Ya ɗauki wata tsohuwar wayar hannu mai fasasshen gilashi ya mai da ita ƙwaƙwalwar abin. In aka tashi daga aiki, Oga mai shagon ya rufe gaba ya tafi, shi kuma ya zauna yana liƙi da dalma har hayaƙin ya sa idonsa ruwa. Bai taɓa daɗewa a kan abu ɗaya kamar wannan ba.

Ya kira Yaya ya ba ta labari.

"Kai dai kar ka ƙona mana tsoho," in ji ta. Yaro yana kuka a bayanta. "Bari na kira ka anjima."

Ba ta kira ba. Bai yi tsammani ba ma.

Ya fara gwadawa a ɗakinsa. Ya zamana in ya buɗe ƙofa fitila ta kama, fanka ta fara juyawa, butar shayi ta ɗauki zafi. Da ya ga abin ya tsaya da ƙafarsa, sai ya zuba kayan a buhu ya hau mota.

Wuni guda ya yi yana fasa bango da jan waya. Baba yana kan kujerarsa yana bin sa da ido, wani lokaci ya ce, "Ɗaure ta da kyau," wani lokaci ya ce, "Kar ka bar ta tsirara." Zuwa la'asar an gama. Tanki in ya yi ƙasa ya kunna injinsa, in ya cika ya kashe. Fitilar tsakar gida ta kama da kanta in rana ta faɗi. Ta ban ɗaki kuwa da ka doso ta sai ta kama. Ƙofar waje tana da maɓalli a hannun kujerar Baba, ya danna ta buɗe, ya danna ta rufe. Duk wayoyin suka haɗu a wani akwatin roba da Injiniya ya kafe a bango kusa da ƙofar kicin, daidai gwiwa, don ya riƙa gyara a zaune. Kuma duk lokacin da ƙofa ta buɗe, tsohuwar wayar nan za ta turo masa saƙo can inda yake, kalma ɗaya: Ƙofa.

Tela ya leƙo, da tsinken allura a bakinsa, ya kalli tanki yana kashe kansa ba wanda ya taɓa shi.

"Ikon Allah. To ni an sallame ni ke nan?"

"Kawu, ka huta," in ji Injiniya, yana goge hannu. "Ka yi mana iya yinka. Daga yau ba sai ka bar kekenka ba."

"Madalla. Direba, ka ji, na samu 'yanci."

"Allah ya raka taki gona," in ji Baba.

Tela ya yi dariya ya fita. Baba ya dubi maɓallin da ke ƙarƙashin yatsansa na hagu ya daɗe.

"To," ya ce. "Allah ya yi albarka."

Injiniya ya koma da farin ciki fal cikinsa. Ya nuna wa Oga saƙonnin, ya nuna wa masu kawo gyara, har da waɗanda ba su tambaya ba. Yana zaune a nan, ya san tankin Baba ya cika a can. To me zai kai shi hanya kullum? Zuwansa gida ya ja baya. Kiran wayar ma ya gajarce, don abin tambaya ya ƙare.

"Baba, akwai ruwa?"

"Akwai."

"Wuta fa?"

"Tana kamawa."

"Kana cin abinci?"

"Tana kawowa."

Mai abinci ta bakin titi ce ke kawo masa kwano da rana. Ita ce saƙon da ke shigowa da tsakar rana, Ƙofa, kafin ka ƙifta ido kuma wani Ƙofa, ta fita. Daga nan wayar ta yi shiru sai gobe. Injiniya ya ɗauki shirun a matsayin lafiya.

Ana nan, wata safiya Baba ya kira da kansa, abin da bai saba ba.

"Abin naka ya mutu. Ba ruwa."

"Kai! To a ce wa Kawu ya kunna da tsohon makunnin kafin na zo."

"Na riga na buga masa bango."

Da ya samu zuwa, ya tarar da waya ɗaya ta zame daga kusarta a cikin akwatin. Ya ce girgizar inji ce, ya mayar ya ɗaure tamau. Ya lura Baba ya yi aski, har ya sa wata tsohuwar hularsa, kuma bakinsa ya buɗe, yana ba da labarin wata gada da ta taɓa karyewa a gabansa. Bai kawo komai a ransa ba. Ya gwada injin, ya yi, ya kama hanya.

Ba a jima ba abin ya sake mutuwa. Ya zo ya gyara. Ya sake mutuwa. Kullum waya ɗaya ce, ta injin ruwa, ita kaɗai. Ya canza kusar, ya canza wayar. Ya ce ɓeraye ne, ya sa tarko a gindin akwatin. Oga ya fara ɗaure fuska in ya nemi izinin tafiya. Shi kansa abin ya fara cin sa, don wannan ne aiki na farko da ya gama har ƙarshe a rayuwarsa, ga shi yana neman mai da shi abin dariya.

A wani zuwan, Tela ya tare shi a ƙofar shago, yana kaɗa masa yatsa.

"Injiniya, ɓerayen gidanku sun yi makaranta, sun iya kwance kusa. Kuma ka sani wayarka ta kusa kai ni lahira. Na je wucewa, tana lilo a waje, ta taɓa min ƙauri. Sai da na ga kakata."

"Subhanallahi! Kawu, ka yi haƙuri."

"Ubanka ya fi ni firgita. Har sandarsa ya yar."

Ya gyara, ya toshe duk wata kafa ta akwatin da siminti, ya koma. Bai gama hucewa daga gajiyar hanya ba Baba ya sake kira.

Wannan karon ya iso da rana tsaka, ransa a ɓace, bai ko tsaya shan ruwa ba. Ya gaida Baba a tsaye, ya durƙusa gaban akwatin ya buɗe murfin.

Wayar ta fita daga kusarta kamar kullum. Amma ba tsirara take ba. An naɗe bakinta da zaren robar tayar mota, naɗi mai kyau, layi bisa layi, an lanƙwasa ta gefe inda ƙafar mutum ba za ta kai ba. A ƙarshen naɗin an yi ƙulli. Injiniya ya san ƙullin nan. Da shi ake ɗaure tamfol a bayan babbar mota, wanda iska ba ta kwance shi amma yatsa ɗaya ya isa ya warware. Yana ɗan yaro Baba ya kama hannunsa ya koya masa a kan igiyar shanya. Sai dai wannan ya fito a juye, irin na mai ɗauri da hagu. Kuma a jelar robar akwai sawun haƙora, inda aka ciza aka ja, don babu hannu na biyu da zai riƙe.

Ɓera ba ya naɗe waya don kar ta ja maƙwabci.

Zuciya ta fara taso masa. Duk wannan zirga-zirgar, duk harara da Oga ke yi masa, duk daren da ya kwana yana zargin hannunsa! Ya juyo da maganar a bakinsa.

Baba yana kan kujerarsa, ya ba shi rabin baya, yana kallon ƙofar waje. Ya yi aski. Bencin Tela yana jawe kusa da shi, ga kofuna biyu a ƙasa, ɗaya da sauran shayi. Yatsansa na hagu yana shafa maɓallin ƙofa, yana shafawa bai danna ba. Kunnuwansa kuwa duk suna wajen akwatin.

Sai Injiniya ya tuna wayarsa. Duk kwanakin da abin yake aiki, da rana kawai take motsi a aljihunsa, shiga da fita, ta yi shiru. Kwanakin da ya mutu ne take damunsa tun da safe, Ƙofa, sannan a daɗe, a daɗe sosai, kafin wani Ƙofa. Shi kuwa yana can yana tsaki, yana cewa aikinsa ya lalace.

Ya san halin mutanen biyu. Tela ba zai taɓa shiga gidan wani ya zauna haka kawai ba, sai da dalili a hannunsa, ko da na gadin tanki ne. Baba kuma gara ya kwana da ƙishirwa da ya buga bango ya ce zo ka taya ni hira. Bango ɗaya ne tsakaninsu, amma ba su da wata hanya zuwa ga juna sai ta bayan tanki. Ita ce ya zo ya toshe da ƙwallon ban ɗaki da batirin babur, yana jiran a ce masa sannu.

Ya haɗiye maganar. Ya daɗe a durƙushe yana taɓa wannan yana taɓa wancan, kamar mai neman wani abu. Sannan ya ajiye filayarsa da ƙarfi yadda za a ji.

"Baba, abin nan ya fi ƙarfina."

Baba bai juyo ba.

"Injin ne ba ya jituwa da shi. Ko na gyara zai sake. Gara na cire na ruwan gaba ɗaya, a koma tsohon makunni. Na tsakar gida ma haka, idon ya fara rauni."

Ƙarya ce, idon lafiyarsa ƙalau. Maganar ta fito masa da ɗaci fiye da yadda ya zata.

Baba ya yi gyaran murya.

"Ba laifinka ba ne," ya ce a hankali. "Tsohon inji ne. Tsoho kuwa sai da hannun mutum."

"Haka ne."

"Na ban ɗakin dai ka bar shi. Yana da amfani."

"Zan bar shi. Da na ƙofa."

Ya hau tanki ya ciro ƙwallon. Ya kwance idon fitilar. Wayar da aka naɗe kuwa bai taɓa ta ba, ya mai da murfin a kanta yadda take, da ƙullinta. Da ya zo wucewa, Baba ya kama gefen rigarsa da hannun hagu, ya riƙe kaɗan, kamar zai ce wani abu. Sai ya ce, "Rigar nan ta yi datti," ya sake shi.

Tela yana kan keke, ya ɗora tabarau a karan hanci. Injiniya ya tsaya a bakin shago ya sunkuyar da kai.

"Kawu, na zo roƙo. Abin ya gagare ni. Sai dai ka ci gaba da taimaka mana da injin, da fitilu in yamma ta yi."

Keken ya tsaya. Tela ya dube shi ta saman tabarau.

"A'a! Injiniya guda, tanki ya kayar da shi? Ina ce an ba ni 'yanci?"

"Ka yi haƙuri, Kawu."

"Ai na faɗa tun ranar. Wanda ya kasa mayar da rediyo, shi zai koya wa tanki hankali? Wannan labarin sai na ba jikokina." Ya ɗaga murya yadda za ta tsallake bango. "Direba! Ka ji bauta ta dawo! Wallahi kai da ɗanka sai Allah ya saka min!"

"Ka zo da wandona!" muryar Baba ta fito daga ciki, da ƙarfin da Injiniya ya daɗe bai ji ba.

Tela yana mita, amma ƙafarsa tana laluben takalmi a ƙarƙashin keke.

Injiniya bai kwana a gida ba, don Oga ya ce kar gari ya waye ba ya nan. Ya samu motar la'asar, ya zauna a baya da buhunsa a cinya, ƙwallon roba yana gungurawa a ciki duk lokacin da aka taka birki. Ba wanda ya san shi a motar, ba wanda ya yi masa magana.

Ya isa ana shirin rufe shaguna. Ya hau matattakala ya tura ƙofar ɗakinsa. Fitila ta kama. Fanka ta fara juyawa. Butar shayi ta yi ɗan ƙara ta ɗauki zafi. Komai ya yi daidai yadda ya tsara, ba abin da ya zame ko ɗaya.

Ya ajiye buhun ya zauna a bakin katifa. Wayarsa ta motsa a aljihu. Ƙofa. Tela ke nan, ya shiga kunna fitilu. Aikin da bai fi a ɗaga hannu a sauke ba.

Ya riƙe wayar yana jiran saƙo na biyu, na fita. Ruwan buta ya tafasa ya kashe kansa. A ƙasa wani ya ja ƙofar ƙarfe ya kulle. Saƙon bai zo ba. Ya yi murmushi shi kaɗai, yana hango su, ɗaya a kujera ɗaya a benci, ana ta shari'ar wando.

Ya daɗe a haka bai motsa ba, har fitilar ɗakin ta ɗauka babu kowa, ta mutu. Sai da ya ɗaga hannu ya kaɗa mata, sannan ta kama.